Tumakin da Aka Hana Aski

Ga ta nan, ga ta nanku, ta biyo waya.

Ta zo mu kasa kunne.

EDNA: Halo? Wa ke magana?

NORMAN: Ni ne, Yaya Edna.

EDNA: Wa?

NORMAN: Norman. Ƙanne nawa suka rage miki?

EDNA: Auta ne. To ai muryar ce kamar daga cikin rijiya. A ina kake tsaye?

NORMAN: Kan tudu, jikin katangar dutse, nan kaɗai waya ke kamawa.

EDNA: Da wannan gwiwar taka. Ina wuni?

NORMAN: Lafiya lau. Yaya ƙugun?

EDNA: Yana nan inda likita ya bar shi. Yaya gida?

NORMAN: Lafiya.

EDNA: Yaya kare?

NORMAN: Ga shi nan kwance yana haki.

EDNA: Zafi ne ko tsufa?

NORMAN: Duka biyun, kamar mai shi. Yaya mutanen gidan naku?

EDNA: Gidan tsofaffi ai ba ya canzawa. Mu ci, mu sha shayi, a jera mu gaban talabijin. Jiya an tura ni a keken marasa lafiya har bakin teku, na ga ruwa, ruwa ya gan ni, aka dawo da ni. Ku kun samu ruwan sama?

NORMAN: Yayyafi da safe, rana mai zafi daga baya. Kwana tara ke nan a haka.

EDNA: Ai ciyawa ta ji daɗi.

NORMAN: Ciyawa kam.

EDNA: Ka ci abinci?

NORMAN: Na sha shayi.

EDNA: Ba shayi na tambaye ka ba. Shekara saba'in da ɗaya, har yau sai an bi ka da cokali. To bar wannan, ba ni labari. 'Yan fim ɗinmu sun dawo?

NORMAN: Ba su dawo ba.

EDNA: Jarumar fa, Cordelia? Ƙafar ta warke?

NORMAN: Sai nan da mako uku za a kwance mata ɗorin.

EDNA: Allah sarki, yarinya mai kyau. Wa ya aike ta hawa katanga da dogon siket?

NORMAN: Darakta. Sau goma sha ɗaya ya sa ta haye. A na sha biyu dutse ya juya da ita.

EDNA: Rufus Penhale fa, mai fitowa a babanta? Ka isar masa da gaisuwata kamar yadda na ce? Tun ina da haƙorana nake kallon mutumin nan.

NORMAN: Na isar. Ya koma Landan. Gashin kansa dai yana nan.

EDNA: Gashin me?

NORMAN: Na kansa. Na aro ne. Yana cikin akwati a falona, an ce kar in taɓa.

EDNA: Ƙarya kake. Kishi ne kawai.

NORMAN: Kuma tsoron rago yake ji. Ranar farko sai da na riƙe masa ƙofa ya wuce ta bayana.

EDNA: Kai da ba ka taɓa fita daga kwarin nan ba, me ka sani game da manyan mutane? Saurara, Mavis ta ɗakin kusa da ni ta ce ƙarya nake. Wai ta karanta a jarida a Leeds ake yin fim ɗin, ba a gidanmu ba. A gaban kowa ta faɗa, kan tebur.

NORMAN: Ba ta yi ƙarya duka ba. Cikin gidan ne a Leeds. Sun gina ɗakin girki da ɗakin kwana da katako a cikin wani tsohon sito. Namu waje ne kawai, tsakar gida da rumbun ciyawa da makiyaya.

EDNA: Cocin fa?

NORMAN: Na wani ƙauye ne, mil arba'in daga nan. Sun ce namu ya cika sabo. Tashar jirgi kuma a wani garin. A fim za ki ga yarinyar ta fito daga ƙofarmu, ta yi taku goma ta shiga coci, ta leƙa taga ta hango jirgi.

EDNA: Su dai suka sani. Ni gidan nake son gani. Da Kirsimeti suka ce za a nuna, ko? Na riga na kama kujerar gaba.

NORMAN: Yaya, tunkiya ɗaya ta mutu ran Lahadi.

EDNA: Ta haihu? A ƙarshen Yuli?

NORMAN: Ta mutu, na ce.

EDNA: Me ya kashe ta?

NORMAN: Tsutsa.

EDNA: Tsutsa. A garken Babanmu. Yaushe rabon a ji wannan? Ai ƙuda ba ya samun wurin saka ƙwai a jikin tunkiyar da aka yi wa aski.

NORMAN: Ba a yi musu ba.

EDNA: Me kake jira? Kowa ya gama tun farkon wata.

NORMAN: Kowa ya gama. Ni kaɗai ne a kwarin nan tumakina ke yawo da bargon hunturu. In na shiga shago sai a yi shiru.

EDNA: To don me?

NORMAN: Don fim ɗin. Labarin duka kwana biyu ne, Yaya, a cikin watan Mayu. Yarinyar ta dawo gida jana'izar uwarta, ta kwana, ta tafi. Abin da suka ɗauka da safiyar ranar farko, tumaki na da gashi. To ba zai yiwu da yammar ranar a gan su tsirara ba.

EDNA: Wa zai lura?

NORMAN: Priya, wata ma'aikaciyar 'yan fim ɗin. Aikinta ke nan. Tana da hoton komai. Inda bokiti yake, yawan itacen da ke jikin bango, gefen da aka jingina tsintsiya. Sun tafi sun bar komai yadda yake, na sa hannu ba zan motsa ba. Mako bakwai ina zagaye wani amalanke a tsakar gidana.

EDNA: Ka sa hannu har da tumaki?

NORMAN: Har da su. Arba'in da biyu, kowace da hotonta. Har da ni ma. Na fito a bayan makara ranar jana'iza, don haka gemuna ma an hana shi aski. Kin ga ni da su duk ɗaya muke.

EDNA: Kai ka bar gemu? Allah ya sa kar yara su gan ka.

NORMAN: Ƙaiƙayi yake yi.

EDNA: Amma Norman, kai makiyayi ne ɗan makiyayi. Ta yaya hannunka ya yarda?

NORMAN: Sun ce tsakiyar Yuni za su gama. Na lissafa, na ga kafin ƙuda ya taso sun kwashe kayansu. Wa ya san dutse zai juya?

EDNA: To maganin feshi fa? Ka fesa musu a baya mana, ƙuda ba zai sauka ba.

NORMAN: Shuɗi ne. Yana barin layi tun daga wuya har wutsiya. Fim ɗin na zamanin Mama ne, lokacin babu shi. Na tambaya, suka ce a'a.

EDNA: Ka nemo marar launi.

NORMAN: Na samo daga baya. A kan wannan tulin gashi ba ya ratsawa. Kin san haka.

EDNA: To a yi musu askin, a ajiye gashin, in sun dawo a yafa musu.

NORMAN: An gwada. Mai ɗinkin kayansu ta zo takanas daga Leeds, ta ɗinka wa tunkiya ɗaya riga da tsohon gashi. Tunkiyar ta yi taku uku, ta tsaya, ta ruga. A kan ƙaya muka tsinci rigar.

EDNA: Kar ka ba ni dariya, ƙuguna zai motsa.

NORMAN: Ni ma na yi dariya ranar.

EDNA: Ba ga na'ura ba? Na ji yanzu suna iya zana komai a fim, har dodo.

NORMAN: Na nesa suna iyawa. Amma cikin abin da ya rage akwai ƙarshen fim, inda yarinyar ke shiga tsakiyar garke, ta durƙusa ta rungume tunkiyar uwarta, ta cusa fuska cikin gashinta tana kuka. Priya ta ce wannan ba ya zanuwa.

EDNA: Wace tunkiyar ce?

NORMAN: Mai karkataccen ƙaho. Darakta da kansa ya zaɓe ta, wai fuskarta na da labari. Sun ɗauke ta kusa kusa sau biyar. Ta fi ni fitowa.

EDNA: Ta fi ka kyau ne.

NORMAN: Ita ce yanzu.

EDNA: Ita ce me? Iska na cinye maganarka.

NORMAN: Ita ce ta kamu. Yau da safe na gani.

EDNA: Ina jin ka. Ka gaya wa Priya?

NORMAN: Na kira ta. Yarinyar ba ta da mugunta. Ta ce ita ba za ta ce in bar dabba ta mutu ba. Amma ta gaya mini gaskiya. Ko kashi ɗaya cikin uku ba su ɗauka a nan ba. In garken ya canza, manyansu sun riga sun yanke, za su zubar da namu duka, su jira Mayun baɗi su sake daga farko.

EDNA: To su sake mana. Gida gudu zai yi?

NORMAN: Yaya, kin manta? A watan Nuwamba hayarmu za ta ƙare, zan miƙa wa mai gonar makulli. Magina za su shigo kafin Kirsimeti. Rumbun ciyawa zai zama ɗakunan baƙi masu zuwa hutu, tsakar gida wurin ajiye mota. Priya ta ce sun riga sun duba wata gona a Wales.

EDNA: Wales.

NORMAN: Eh.

EDNA: Su sa gidan wasu, su ce namu ne.

NORMAN: Ba za su ce namu ba ne. Ba za su ce komai ba.

EDNA: Mako uku ne kawai, auta.

NORMAN: In ƙafar ta yarda.

EDNA: Ka riƙa dubawa safe da yamma. Ka kai su can sama inda iska ke kaɗawa, ƙuda ba ya son iska.

NORMAN: Can suke tun makon jiya. Can ɗin waccan ta mutu.

EDNA: Ka ɗan yanke wurin ciwon kawai. Gefe ɗaya. Su ɗauke ta ta ɗaya gefen.

NORMAN: A gadon baya ne, daidai inda hannun yarinyar ke sauka. Kuma in na ceci ita yau, gobe wata ce. Gareth mai aski zai wuce ta nan gobe da safe, daga nan sai Scotland, ba zai dawo ba sai kaka. Ya ce in ba shi amsa kafin ƙarfe shida. Bayana ba zai iya tumaki arba'in ba, ko huɗu ba zan kai ba.

EDNA: Kana magana kamar ka gama yanke shawara.

NORMAN: Da na gama da ban hau tudu ba.

EDNA: Shekara huɗu rabona da gidan nan, Norman.

NORMAN: Na sani.

EDNA: Ba ka sani ba. Kai kana tashi a cikinsa. Ni tagata bangon wurin wanki take kallo. Na roƙe su su kai ni, suka ce motarsu ba ta hawa hanyarmu, kuma ƙuguna ba zai jure awa uku a zaune ba. Hotunan da kake aiko mini rabi ɗan yatsanka ne.

NORMAN: Wayar ce ƙarama.

EDNA: Kai ka ce mini sun cire farantin talabijin daga rufi. Ka ce sun ɓoye wayoyin lantarki, sun dawo da famfon hannu, sun sa hayaƙi yana fita ta bututu. Ka ce ranar da ka dawo daga kasuwa ka gani, sai da ka zauna a mota ka kasa fitowa.

NORMAN: Na faɗa.

EDNA: To ni ma shi nake so. Sau ɗaya. In zauna a kujerar gaba in ga gidan yadda yake ranar da na bar shi da akwatina. Ban ce a nuna sunana ba. Ban ce a mayar da ni can ba. Na yi yawa ne?

NORMAN: Ba ki yi yawa ba.

EDNA: Tun farko ka ce ba ka son baƙi a gonarka, ni na matsa maka. Ka ce, "Yaya, don ke zan yi, kuma za ki gani." Haka ka ce ko ba haka ba?

NORMAN: Haka na ce.

EDNA: To.

NORMAN: To.

EDNA: Kar ka yi mini wannan "to" ɗin, irin ta Baba ce.

NORMAN: Ba ni da wata.

EDNA: Jira, ana ƙwanƙwasa ƙofa. A'a, 'yata, ba na son shayi yanzu. Ajiye shi can. Ja mini ƙofar. Norman, kana nan?

NORMAN: Ina nan.

EDNA: Tana cin ciyawa?

NORMAN: Wa?

EDNA: Sarauniyar Ingila. Tunkiyar mana.

NORMAN: Ta daina. Ta ware daga garke, ta gangaro kusa da gida.

EDNA: Tana juyawa tana cizon bayanta?

NORMAN: Da safe tana yi. Yanzu ta cusa kai a gindin katanga, ta tsaya kawai.

EDNA: Gashin wurin ya jiƙe?

NORMAN: Ya jiƙe, ya yi baƙi.

EDNA: Wari fa?

NORMAN: Tun daga taku biyar.

EDNA: Ka buɗa gashin ka duba? Faɗinsa nawa?

NORMAN: Da safe tafin hannu ɗaya. Kafin in hawo na sake dubawa, ya kusa biyu.

EDNA: Ƙarfe nawa ka fara gani?

NORMAN: Bakwai.

EDNA: Yanzu uku ta wuce. Awa takwas suna cin ta da rai, kai kana ina?

NORMAN: Na jira a gama ba ku abincin rana a mayar da ke ɗaki. Ban so ki ji a gaban Mavis.

EDNA: Ni ka tsaya jira?

NORMAN: Ba takardarsu ce ta ɗaure ni ba, Yaya. Wannan in na karya, su yi fushi su tafi. Ke na yi wa alkawari.

EDNA: Ashe kai sakarai ne har yanzu.

NORMAN: Na ji.

EDNA: Ina da shekara tara Baba ya sa na riƙe masa irin wannan. Kai kana goye. Mun makara da kwana ɗaya. Da ya ɗaga gashin, fatar ta biyo shi. Ban ci abinci ba kwana biyu. Shi kuma bai yi mini faɗa ba, bai yi wa kowa ba, ya dai ce laifin mai ido ne da ya gani ya wuce.

NORMAN: Ba ki taɓa gaya mini ba.

EDNA: Me zan gaya maka? Kai kuka kawai ka iya lokacin. Almakashin hannu yana ina?

NORMAN: A aljihuna.

EDNA: Ka hawo tudu da shi a aljihu kana tambayata.

NORMAN: Eh.

EDNA: Ka yanke da faɗi, kar ka yi rowa. Ka wuce bakin ciwon da yatsa huɗu ta kowane gefe, suna ɓuya a ƙarƙashin busasshen gashi. Ka kwashe su a leda ka ɗaure, kar ka bar su a ƙasa. Sannan magani.

NORMAN: Na san aikina, Yaya.

EDNA: Da ka sani da ba mu kai ƙarfe uku ba. Ka kira Gareth. Duka arba'in da ɗaya, kar ya bar ko ɗaya don kyamara.

NORMAN: Kin tabbata?

EDNA: Ban tabbata ba. Kar ka sake tambayata, zan iya canzawa.

NORMAN: Mavis fa?

EDNA: Mavis ta ci. Zan ba ta kujerar gaba, ta kalli Wales.

NORMAN: Yaya, ki yi haƙuri.

EDNA: Rufe baki ka sauka. A'a, tsaya, kar ka kashe. Daga inda kake ana hango gidan?

NORMAN: Ana hangowa.

EDNA: To ka sauko da ni a kunne. Ka riƙa faɗa mini abin da kake gani. Kar ka tsaya, ka yi ta tafiya kana faɗa.

NORMAN: Ban iya irin wannan ba.

EDNA: Ba waƙa na ce ka yi ba. Me ke gabanka?

NORMAN: Rufi. Rana na dukansa, duwatsun sun bushe, sai gefen arewa da ke da gansakuka.

EDNA: Ci gaba.

NORMAN: Itacen da ke bayan ɗakinki ya wuce taga yanzu. Tsuntsaye sun cika shi.

EDNA: Kana tafiya kuwa? Ban ji numfashinka ba.

NORMAN: Ina tafiya. Na wuce mashigin farko. Ga igiyar shanya, sun rataya fararen zannuwa uku, suna nan tun Yuni. Ga famfon. Ga dutsen da Mama ke zama tana ɓare wake.

EDNA: Yana nan?

NORMAN: Wa zai iya ɗaga shi?

EDNA: Ƙara murya, kana nisa.

NORMAN: Na ce yana nan. Ga ƙofar gaba, sun kankare farin fentin da na shafa, sun mayar da ita...

EDNA: Sun mayar da ita me? Norman? Wane launi?

NORMAN: ...irin na da... sak... har da...

EDNA: Har da me? Auta? Halo?

Ƙurunƙus. Nan layi ya yanke, mu ma nan muka tsaya.